Shekarar da Na Soya Irin Kaka

Yau kwana goma sha shida rabonmu da ruwan sama a Sabon Tasha, kuma muna tsakiyar watan Mayu. 'Yar masarar da na shuka a bayan gida ta naɗe ganye, da rana in ka taɓa ƙasar sai ka janye hannu. Kowace yamma hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani har mu kwashe shanya, sannan iska ta zo ta watsa shi. Maƙwabtana zafi ne ya dame su da rashin wuta. Ni kuwa irin wannan ɗaukewar ruwa baya take mayar da ni, don na taɓa ganin irinta, kuma da hannuna dumu-dumu a cikin abin da ta jawo wa gidanmu. Sai ga shi shekaranjiya wata tsohuwar 'yar ajinmu ta turo mana sanarwa a waya, wai har yanzu ana yin gasar nan ta 'yan aji ɗaya a jami'armu ta Kafanchan, ta ƙara da cewa, “Saratu, kin tuna hotonki?” Na tuna mana. Kusan shekara ashirin ke nan, ko na so mantawa bai yiwu ba.

A wani ƙaramin ƙauye na tashi, tafiyar rabin awa a ƙafa daga Fadan Kaje. Mahaifiyata ta rasu ina 'yar shekara huɗu, saboda haka Kaka, uwar Babana, ita ta goye ni, ita ta yi mini duka, ita ta kai ni makaranta. Mu biyar ne a gidan: Kaka, Baba Ishaya, yayana Bitrus, matarsa Hannatu, da ni, sai jaririn da Hannatu ta haifa a farkon shekarar da abin ya faru. Hannatu 'yar Kwoi ce, a lokacin ba ta jin yarenmu sosai, don haka saboda ita Hausa ta shigo tsakar gidanmu ta zauna. Hausar Kaka ta coci ce da ta kasuwa, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne a bakinta.

Citta da masara noman maza ne. Acca kuwa ta Kaka ce, kuma ba irin accar kowa ba. 'Yar wuri muke ce mata, fara ce, in an shuka ta a farkon Mayu kafin Agusta ya yi nisa an yanke. Wanda bai tashi a wajenmu ba, zai ɗauka da rani ake yunwa. A'a, da damina take zuwa, lokacin da duniya ta yi kore shar, rumbu ya yi ƙasa, ba abin da ya nuna a gona, ga aiki kuma ya fi na kullum. A daidai wannan tsakanin accar Kaka take shigowa ta riƙe gida har masara ta bushe. Daga ɗakin uwarta ta zo da irin ranar aurenta, uwarta ma daga tata uwar. Dā gidaje da yawa suna da shi, amma da citta ta fara kawo kwanon rufi sai mutane suka sake shi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage a ƙauyen nan kaf Kaka kaɗai ke da shi.

A tukwane biyu take ajiye iri, a bayan ƙofar ɗakinta, kowace mudu huɗu. Ɗaya ta shuka, ɗaya ta ajiya. Takan zuba iri, ta rufe shi da toka, ta kife murfi, ta liƙe bakin da laka. Ta ajiyar ba a taɓa ta sai in shukar fari ta mutu. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin shukar fari ta mutu ba. Abin da na sani shi ne kowace shekara bayan girbi Kaka takan fasa ta ajiyar, ta zuba sabo, mu sussuke tsohon mu sha fate. Kuma tunda 'ya'yanta mata biyu duk sun rasu suna ƙanana, kowa ya san ni zan gaji tukwanen. Ita da kanta takan faɗa in na yi mata rashin ji, ta ce ta tausaya wa irin da zai faɗa hannun mai kan kwakwa irina.

Ni ce ta farko a gidanmu da ta shiga jami'a, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. A zangon karatu na biyu aka raba wa duk 'yan aji ɗaya littafi guda, wani ɗan siriri na Turanci, labarin ƙauyen da fari ya kora. Aka ce kowa ya karanta ya mayar da martani da abin da ya iya: waƙa, zane, gajeren labari, ɗinki, ko ma mene ne. Za a baje ayyukan a babban ɗakin taro, alƙalai su zo daga Kaduna, wanda ya ci a rataye aikinsa a laburare da sunansa a ƙasa. Wannan sunan a ƙasa shi ya hana ni sukuni. Turancina na ƙauye ne, in na buɗe baki a aji 'yan gari sukan kalli juna, saboda haka na san da alƙalami ba zan kai labari ba. Amma na iya zane tun ina firamare, kuma na san hatsi. Sai na ce zan yi hoton matar da ke cikin littafin, tsaye a bakin gonarta da ta ƙone, ƙwarya a ka, tana kallon sama, kuma da ƙwayar hatsi zan yi shi ba da fenti ba.

Na gwada gero, ya yi girma. Na gwada riɗi, mai ya ɓata allon. Na sayi accar kasuwa, ta zo da tsakuwa, launinta kuma ya yi duhu. Abin da nake so fari ne mai laushi wanda zai kwanta kamar garin alli, kuma na san inda yake.

Da hutun Ista, ranar da Kaka ta tafi zumuntar mata, Hannatu kuma ta tafi rafi, na shiga ɗakin na kankare lakar tukunyar ajiya da wuƙa. Na ce wa kaina ai ƙarshenta fate za a yi da shi, kuma ai nawa ne, gaba kawai na ci. Rabi na ɗiba. Don kada tukunyar ta yi sauƙin da za a lura, na cike gurbin da ƙaiƙayi, na mayar da toka, na kwaɓa laka na liƙe yadda na sha ganin tana yi. Ban ji ko ɗar ba.

A hostel muna ɗaki ɗaya da Jummai, 'yar Gwantu, mai dariya da risho. A kan rishonta na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Don in sami launi iri-iri, soya accar na yi a kasko ba mai: kaɗan ta yi ruwan zuma, ƙari kaɗan ta yi ruwan ƙasa, in na bar ta ta yi baƙi. Acca ba ta da haƙurin wuta, ka juya kai ta ƙone. Na ƙona kasko bayan kasko kafin hannuna ya faɗa, har rabin da na ɗebo ya ƙare ban gama zanen matar ba. Sati na zagayowa na koma gida da sunan na manta takarda, na kwashe sauran, na ƙara ƙaiƙayi. Launi bakwai na fitar. Na dama sitacin rogo, na bar shi ya huce, ina shafawa a falanki mai girman rabin ƙofa ina barbaɗawa da tsinken tsintsiya. Sararin sama kaɗai na yi da ɗanyar acca, don farinta nake so, har shafi biyu na yi masa. Soyayyar da ta rage na watsa wa tsuntsaye a bayan hostel.

Hoton ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Ranar da aka jingina shi a kan tebur a ɗakin taro, ƙafafun teburin a cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa, 'yan garin nan masu kallon juna suka tsaya a gabansa suna tambayar waye Saratu Ishaya. Madam Asabe, malamar da ke kula da gasar, ta dafa kafaɗata ta ce na fahimci littafin fiye da masu dogon Turanci. Aka sa ranar zuwan alƙalai, Jumma'ar farko ta watan Yuni.

A gida kuwa damina ta faɗi da kyau a ƙarshen Afrilu. Na je ranar shukar acca. Bitrus da Baba sun riga sun kafce gonar, Kaka ta gauraya irin tukunyar shuka da yashi tana watsawa da hannun dama tana tafiya a hankali, ni da Hannatu muna biye muna jan reshen ƙaya don ƙasa ta rufe shi. Kwana huɗu gonar ta yi tsiro, siriri kamar gashin jariri. Daga nan ruwa ya ɗauke.

Satin farko ba wanda ya damu. Na biyu aka fara kallon sama. Zafin ba irin na bazara ba ne mai bushewa, wani ne mai nauyi, ka yi wanka ka fito kana zufa. Rijiyar gidanmu ta koma taɓo, Hannatu takan tafi rafi tun da sassafe da yaro a baya, ta yi layi a bakin ramin da aka tona a cikin yashi. Masarar Baba ta kai gwiwa sannan ta tsaya, ta yi fari-fari, ta kwanta. Cittar ma da aka rufe da ganye, in ka ɗaga ganyen sai ka ji ƙasar da ɗumi kamar an sauke tukunya. A coci aka sa azumin kwana uku, Fasto ya fito da mu filin makaranta muka durƙusa a rana muna roƙon Ubangiji. Ni ma na durƙusa, kuma na fi kowa naci, amma addu'ata daban take. Kowa yana roƙon ruwa don a ci abinci, ni ina roƙon ya zo kafin a kai ga buɗe tukunya.

Bai zo ba sai a kwana na ashirin da uku. A lokacin gonar accar ta zama fili, ko akuya ba ta tsayawa a ciki. Ranar Jumma'a da yamma ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ina cikin mota a hanyar gida, mutane suna miƙa hannu ta taga suna godiya ga Allah. Ni kaɗai ce ban miƙa hannu ba a motar.

Asabar da safe gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi, shinge, garar nan mai fiffike, ya cika tsakar gida kaji suna ta wawaso. Kaka ta fito da fara'arta, ta ce wa Bitrus ya ɗauko mata tukunyar ajiya. Ya ɗauko ya ajiye a kan tabarma, ya ce yau kuwa ba ta da nauyi. Ta ce ƙarfi ne ya yi masa yawa. Ina tsugune a bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama. Na ji ƙarar lakar tana fashewa. Ta share tokar da gefen hannu, ta cusa hannu ta ɗebo, ta kawo kusa da ido, ta hura. Duk ya tashi, tafin hannunta ya rage wayam. Ta sake cusawa har gwiwar hannu. Sannan ta kife tukunyar a kan tabarma, iska ta fara ɗibar abin da ya zubo.

Baba ya tambayi wa ke shiga ɗakin, idonsa kuma ya bi ta kan Hannatu, don ita ce mai wuni a gida. Na ga ta gyara goyonta ta sunkuyar da kai. Kaka ta ɗaga hannu ta ce kada a ɗora wa kowa, lakar a rufe ta same ta.

“Ni ne na rufe da hannuna,” in ji ta. “Na zuba ƙaiƙayi na ce iri ne. Kaina ya fara tafiya.”

Ta kwance makullin ɗakin hatsi daga igiyar da ke wuyanta, makullin da tun kafin a haife ni yake wurin, ta ajiye a gaban Baba, ta shiga ɗaki. Ina nan tsugune, hayaƙi yana shiga idona, na gode masa da ya ba ni dalilin hawaye.

Baba ya ce 'yar wuri ba ta jira. In ba ta shiga ƙasa cikin satin nan ba, manyan ruwa za su zo su tarar da ita ba ta kafu ba, ciyawa ta danne ta. Bitrus ya ɗauki keke ya fara zagaya ƙauyuka yana tambayar tsofaffi. Ni kuwa ranar Lahadi bayan sujada na koma Kafanchan da lissafina na marar kunya: alƙalai Jumma'a, in kai hoton gida Asabar a kankare ɗanyen irin da ke samansa, kwana shida ne kawai, ƙasa ba za ta gudu ba. Na karanta littafi a kan yunwa, na yi kukan matar da ke ciki, na zana ta har malamai suna yabo, ga shi kuma na kai yunwar gidanmu da hannuna ina neman a ba ni kwana shida.

Litinin da Talata na shiga lakca ban ji komai ba. Nakan bi ta ɗakin taro in leƙa ta taga in ga mutane a gaban hoton, daɗi ya taso mini, sai kuma in tuna da tukunyar. Rana tana fitowa in ce ƙasa tana bushewa, hadari yana haɗuwa in ce wannan ruwan da shi ya kamata iri ya kwanta. Jummai ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce e.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Bitrus a ƙofar hostel, wandonsa duk jar ƙasa. Ya zo kasuwar Kafanchan ne neman iri, bai samu ba sai mai nauyin nuna, wadda ba ta isa yanka sai Nuwamba. Ya ce Kaka ba ta cin abinci. Takan zauna a bakin gado tana jera sunayen jikokinta da na matattunta, in ta gama ta kira Hannatu ta tambaye ta ko ta tsallake wani. Jiya ta ƙi zuwa zumunta, wai kada ta ɓace a hanya. Yana cikin faɗa sai Jummai ta fito, ba ta san dawar garin ba, ta kama hannunsa.

“Broda, ka zo ka ga abin da sistanka ya yi. Duk makaranta suna maganan shi, shi ne zai ci fes, na ɗaya, ba wani.”

Na bi su a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Bitrus ya tsaya a gaban hoton ya daɗe. Da farko murmushi yake yi. Sannan ya matsa kusa, ya sa ɗan yatsa a sararin saman, ya murza, ya duba abin da ya manne masa. Manomi ne, ba ya bukatar a gaya masa. Ya juyo ya kalle ni, ya yi magana da yarenmu don kada Jummai ta ji, ya ce shi ba zai faɗa ba, ni zan faɗa, kuma yau.

Ina so in ce zuciyata ce ta kai ni, amma ƙarya ne, kama ni aka yi. Na sami Madam Asabe a ofis na zayyana mata komai a tsaye. Ta cire tabarau ta ce doka ita ce aikin da ya bar ɗakin taro ya fita daga gasa, amma kwana biyu ne kawai suka rage, ko iri ba zai iya jira ba? Har a lokacin, Allah Ya gani, na juya na kalli Bitrus ko zai ce zai iya. Ya nuna taga da haɓa. Gabas ta fara yin baƙi. Ya ce in wannan ya sauka gobe ba iri a ƙasa, to sai dai a yi wa tukunya wanka a ajiye. Muka naɗe falankin da zanena, aka ɗaure shi a saman mota, keken Bitrus a kansa.

La'asar muka isa. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame cikin kwana huɗu har wuyanta ya fito. Na jingina hoton a jikin rumbu, na yaye zanen, na durƙusa, na faɗi abin da na yi tun daga wuƙa har ƙaiƙayi. Baba ya miƙe tsaye, Bitrus ya riƙe shi. Kaka ba ta kalle ni ba, hoton take kallo. Ta taso da kyar ta zo ta shafa zanen matar, ta ɓantari ƙwaya biyu ta sa a haƙori, ta tofar.

“Ka soya?”

Na ce e. Ta shafa gonar, ta shafa ƙwaryar, tana sunsuna yatsunta, duk soyayye. Da hannunta ya kai sama sai ya tsaya. Ta ɓantara, ta ciza, ta daɗe tana juya shi a baki. Sannan ta sauke numfashi mai tsawo ta ce, “To. Ba kaina ba ne.” Ta miƙa wa Baba hannu, ya gane, ya ciro makullin daga aljihu ya ba ta. Ta ce Hannatu ta kawo ruwa da sakaina, in kuma akwai sauran tuwon rana a ɗumama mata.

Aka kwantar da falankin a ƙasa. Kaka ta ja layi da gawayi a inda sama ta haɗu da gona, don kada matacce ya shiga cikin mai rai. Muka yayyafa ruwa, muka jira sitacin ya saki, ni da kaina na sa sakaina na kankare. Sati uku na yi ina jera shi, ko rabin awa bai kai ba ya sauka. Muka ɗauraye a kwano, muka tace da ɗankwalin Hannatu, aka baza a inuwa. Da ya sha iska Kaka ta auna. Gwangwanin madara ɗaya ne da ɗan ɗori, daga mudu huɗu.

Ba a kai shi gona ba. Alhamis da sassafe ta sa Bitrus ya kafce tsohon garken awaki a bayan gida, inda ƙasa take da taki, ta gauraya irin da toka da yashi mai yawa don ya bazu, ta watsa da kanta. Da azahar ruwa ya sauka. Ba wanda ya san ko sitaci da zafin ɗakin taro sun kashe shi. Kwana uku ba komai, kwana huɗu ba komai, kullum da safe sai ka ga mutum ya zagaya bayan gida kamar zai kama ruwa, ya leƙa garken ya dawo. A na shida ya fito, jefi-jefi, wajen rabi. Kaka ta duba ta ce wannan ba na ci ba ne, ko ƙwaya ɗaya, duk wanda yunwa ta kama ya tuna da haka. Ban koma Kafanchan ba sai bayan sati, kuma ban tambayi wanda ya ci gasar ba.

Yunwar ta zo a kan lokacinta. Masarar da aka sake shukawa ta makara da wata guda, accar da takan tare gurbin kuma babu. Tun tsakiyar Yuli Kaka ta mayar da mu ci ɗaya a rana, da yamma. Da safe ruwan zafi ne da ɗan kanwa da ganyen rama. Dawar da ta rage a gindin rumbu tana warin ƙasa, a niƙa ta a dama da ruwa-ruwa, a cika tukunya da ganyen rogo da tafasa da zogale har ka rasa inda garin yake. Muka tone rogon da bai isa ba. Ruwa kuma a lokacin ya zo da gayya, kwana da kwanaki ana yi, itace ya jiƙe, ɗaki yana warin danshi, ga noman citta ba ya jira. Na ga Baba ya tsaya a tsakiyar kunya ya dafa fartanya ya rufe ido har jirin ya wuce. Ba wanda ya ce mini ke kika jawo. Da sun faɗa da ya fi mini sauƙi. Kaka ma tuwona daidai da na kowa take ɗiba, wani lokaci har ta ƙara mini daga nata ta ce mai karatu yana bukatar kai.

Wanda abin ya fi ci Hannatu ce, don tana shayarwa. Nononta ya ragu, yaron ya koma kuka marar ƙarfi, idonta ya faɗa. Amma da yake goyo ya hana ta zuwa gona mai nisa, ita aka bar wa tsaron bayan gida. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda kaji. Ta cire ciyawa da yatsu, ɗaya-ɗaya, don kada ta tumɓuke acca. Da ta fara fitar da kai tsuntsaye suka gano, sai ta ɗaura gwangwanaye a igiya, ta zauna a kan turmi daga fitowar rana har faɗuwarta tana ja. Ina gida lokacin, an yi hutu. Nakan karɓe ta, amma ni rabin awa ya isa hankalina ya tafi wani wuri. Wata rana na zagayo na same ta ta kama wani kai da ya nuna ya sunkuya, tana kallonsa, yaron yana tsotson nonon da ba komai. Ta daɗe a haka. Sai ta tsinke zare daga bakin zanenta ta ɗaure kan a jikin tsinke don kada ya taɓa ƙasa, ta koma kan turminta.

A farkon Satumba aka yanka, da wuƙa, kai-kai, ba da lauje ba. Aka shanya a ɗaki saboda ruwa, muka tattake da ƙafa a kan tabarma, Kaka ta sheƙe da kanta tana tare ko'ina da zane. Mudu uku da rabi. Bai cika tukunya ɗaya ba, ta ajiya kuwa babu zancenta sai wata shekara. Masara ta fara shigowa a satin, gidan ya fara jin ƙamshin gasasshiya, har an fara dariya.

Ranar rufe tukunya Kaka ta ce in kwaɓa laka, tunda na nuna na iya. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, na ji kamar an sauke mini dutse, na ce shi ke nan an yafe. Ta zuba irin, ta rufe da toka, ta kife murfi, ni na liƙe bakin, na shafe shi sumul. Ta sa muka sunkuyar da kai ta yi addu'ar godiya da yarenmu. Da ta ce amin sai ta juya harshe zuwa Hausa, kuma a gidanmu mutum ɗaya ake juya wa harshe.

“Hannatu, ɗauka. Ka kai ɗakinka, ka sa a bayan ƙofa.”

Hannatu ta ja da baya, ta kalle ni, ta kalli Baba. Ta ce, “Kaka, ai na Saratu ne. Ni baƙuwa ce.”

Kaka ta goge hannunta a zane. Ba fushi a fuskarta, har ta ɗan dafa kaina kafin ta amsa.

“Saratu ya riga ya ɗauki nasa.”

Hannatu ta sunkuya ta rungumi tukunyar, ga goyo a baya, ba ta da hannun buɗe ƙofa. Ni na tashi na buɗe mata, lakar ba ta bushe a hannuna ba.